Hannun Dama a Gidan Surukai

Tun da na dawo daga Jamhuriyar Benin ƙafa ba ta ɗauke a gidana ba. Wasu sun zo barka da jika, wasu sun zo leƙen tsaraba, amma mafi yawa hannuna suka zo gani. Sai mace ta zauna, ta sha ruwa, ta ce, "Malama, ɗaga mu gani." In ɗaga, in juya, in dunƙule, in buɗe. Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma na lura ya fara ƙiba a bakin mutane, don jiya na ji wai Turawa ne suka sa mini ƙarfe. Ba wanda ya sa mini ƙarfe. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da hannun da ake ta magana a kansa, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata takarda.

Asalin abin akuya ce. Ta shiga mini madafa, na bi ta da tsintsiya, santsin ruwan wanke-wanke ya kwashe ni, na dafa ƙasa da hannun dama. Ni da kunnena na ji ƙas. A asibitinmu na Kontagora aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin wuyan hannu ne ya karye, aka ɗaure shi da siminti. Akuyar kuwa ta cinye abin da ta zo ci, ta fita abinta. Ranar da aka fasa simintin na ga hannu ya rame, fata tana saɓulewa, ga shi ya sandare kamar muciya. Yatsu suna motsi, amma wuyan hannun ba ya lanƙwasa, tafin kuma ba ya juyowa sama. In zan yi addu'a, hagu na kallon sama, dama na kallon hagu. Ni da na yi shekaru ina cika allon aji da rubutu kafin in yi ritaya, na koma ko tsumma ba na iya matsewa.

Da don kaina ne da na yi haƙuri. To amma 'yata ta fari tana Djougou da tsohon ciki. Ba zan rubuta sunanta ba, ban taɓa faɗinsa ba, ba kuma yau zan fara ba. Tun da aka yaye ta kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta zuwa New Bussa. Can ta girma, can wani ɗan kasuwar atamfa daga Djougou ya gan ta, can aka yi biki, ni ina gefe kamar yadda uwar fari ke yi. Yaya take ce mini. Bara tsohuwar ta rasu, likita kuma ya hana yarinyar doguwar hanya, don haka babu zancen ta zo goyon ciki. Wankan jego da wankan jariri suka faɗo a kaina. Zan faɗi gaskiya, na so abin nan har cikin raina. Shekara da shekaru ina kawar da kai in ta shigo ɗaki, alhali zuciyata na wajenta. Wankan jego ne kaɗai ƙofar da al'ada ta bar wa uwa irina ta sa hannu a jikin 'yar farinta ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. Ga ƙofa ta buɗe, ga hannu ya ƙi.

Haka na ɗaure kaya na hau mota. Daga Kontagora zuwa Kainji, daga nan zuwa Kaiama, duk wanda ke cikin motar nan likita ne. Wata ta ce man shanu, wani ya ce kitsen mesa, direba ya ce in sami ƙasar gidan tururuwa in kwaɓa da kanwa. Wani dattijo da ke kujerar gaba har ya juyo ya miƙo hannu, wai in ba shi ya ja mini sau ɗaya, zan ji ya koma wurinsa. Na ce, "Baba, na gode, wanda ya karye a da ma bai gama ba ni haƙuri ba." Na tura hannun cikin hijabi, ban sake fito da shi ba sai da muka sauka. Na kwana a Kaiama gidan wata tsohuwar ɗalibata, da safe muka kama hanyar Chikanda, hanyar da ko mai lafiyayyen ƙashi sai ya ji a jikinsa.

A kan iyaka na yi abin kunyata na farko. Jami'in ɓangaren Benin ya nemi katina, na miƙa masa da hagu. Ya dubi katin, ya dube ni, ya ƙi karɓa. Ya ce da 'yar Hausarsa, "Madam, hagu? Ni kare ne?" Na fito da na daman na nuna masa yadda ya tsaya cak. Nan take mutumin nan ya canza. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini tabon ɗinki a nasa wuyan hannun, ya kwaikwayi babur da baki, ya kwaikwayi faɗuwa, har hularsa ta kusa tashi. Ya ba ni kujerarsa, ya aika aka sayo mini ruwa mai sanyi. Mutanen da ke bayana a layi suka tsaya suna jira, mu kuwa muna gwada hannu kamar tsofaffin sojoji.

A Nikki na tarar da Salamatu tana jirana. Yayar mijin 'yata ce, tana da shagon atamfa a kasuwar Arzèkè ta Parakou. Mace ce mai jiki da fara'a, Hausarta tsaf, sai dai in ta yi kalma uku ta huɗun Faransanci ce. Da muka isa tashar Parakou ta ɗaga hannu, masu babur suka yi mana caa. Zem suke ce musu, kowa da rigar aiki mai lamba a baya. Wanda zai ɗauke ni ya miƙo mini hular kwano, ya ce dole ne, in ba haka ba 'yan sanda za su tare mu. Na ce a kan ɗaurin kallabin nan? Salamatu ta ce, "Yaya Malama, a nan kaske ya fi kallabi daraja." Ta danna mini shi a kan hijabi da ƙarfin tsiya, ta ɗaure igiyar a haɓata tun da ni ba hannu. Haka na shiga unguwar Kpébié, kai kamar tukunyar da aka kifa, ina salati a kowace kwana.

Gidanta mai tsabta ne, ɗakin da ta ba ni yana kallon bishiyar mangwaro. Abinci kuwa sai wanda ya ci. Sakwararsu ta fi tamu laushi, sai ka ja ta biyo ka, ga miyar gyaɗa da cukun Fulani da suke kira wagashi, an soya shi ya yi ja. Ni da ke cin sakwara tun ina yarinya, ranar da cokali na ci, don hannun ba ya iya juyo loma zuwa baki. Da safe aka kawo wani burodi dogo siriri, mai ɓawo da ƙarfi, na ɗauka na jiya ne aka manta. Salamatu ta yi dariya har da hawaye, ta ce yanzu aka fito da shi daga wuta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne in rana ta take, ofisoshi sai su rufe kowa ya tafi hutawa. Mu a wajenmu ma'aikaci yakan gudu ne a ɓoye, su kuwa gwamnati ce ta ce su tafi.

Salamatu ta ga cokalin nan bai yi mata daɗi ba. Washegari ta bar shago ta kai ni wani asibiti, sashen gashin ƙashi, su kine suke cewa. Nan na haɗu da Madam Bake, Babarba ce, wato 'yar asalin ƙabilar yankin, siririya mai gilashi, ta iya Hausar kasuwa daidai gwargwado. Ta duba hoton da na zo da shi, ta ce ƙashi ya haɗe lafiya, matsalar daɗewa a ɗaure ce. Ta ɗauko wani abu kamar rula biyu da aka haɗa da ƙusa, ta auna iya inda hannun ke lanƙwasa da iya inda yake juyawa. Ta ba ni wani ƙarfe mai allura ta ce in matsa iya ƙarfina. Na matsa har na ciji leɓe, allurar ta ɗan yi motsi don kada in ji kunya.

Daga nan ta ce tana wani bincike a kan masu karayar wuyan hannu da aka cire wa siminti, ko zan so in shiga. Kashi biyu take raba mutane. Kashi ɗaya a koya musu motsa hannu irin na asibiti su riƙa yi a gida, ɗaya kashin kuma a tsara musu ayyukan gida na yau da kullum, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, su zama su ne maganin. Duka za su riƙa dawowa awo. Ta ce ba dole, kuma duk ranar da na ga dama zan iya fita, ba abin da zai rage a kulawar da za ta yi mini. Na ce, "To 'yar nan, sa ni a wanda ya fi." Ta ce, "Mama, da na san wanda ya fi, me zan bincika?" Wannan amsa ta burge ni, don malamin da ya ce bai sani ba shi nake yarda da shi. Ƙuri'a ake yi da ambulan a rufe. Na ja ɗaya, ta buɗe, aikin gida ya fito.

Na yi murna ƙwarai. Tsintar wake, kwaɓin fulawa, matse tsumma a ruwan ɗumi, mulmula fura, ɗibar hatsi da kofi a juye shi a hankali har tafin hannu ya kalli sama. Ta hana ni taɓarya da ɗaukar bokiti sai ta ba da izini. Na gaya mata abin da ya kawo ni ƙasarsu. Ta cire gilashi ta ce, "Mama, in kin yi aiki safe da yamma, muna da fata. Amma irin wannan hannu ba ya jira. In ya daɗe a sandare, sai ya saba." Na ce mata aiki ai shi na iya, ta kwantar da hankalinta.

Hanyar Djougou kwalta ce sumul, sai dai motar haya tasu ba ta san an cika ba. Garin Djougou kuwa, mutanensa Zugu suke ce masa. Gidan surukaina tsohon gida ne babba, sassa da yawa a tsakar gida ɗaya, kakanninsu fataken goro ne. Mai mulkin gidan ita ce Hajiya Lamatu, uwar mijin 'yata, su Aziya suke ce mata. Doguwa ce, goro ya rina mata haƙora, in ta yi gyaran murya har kaji suna natsuwa. Ta tare ni tun daga zaure. Gaisuwarsu doguwa ce, a durƙushe, da Hausa da yarensu Dendi a haɗe, kana cewa an gama sai a sake ɗauko ta daga gida da gajiya. 'Yata ta zo ta durƙusa da ƙyar saboda ciki, ta ce, "Yaya, sannu da hanya." Na dubi bango na ce yauwa. A wutsiyar ido na ga ƙafafunta sun kumbura, na haɗiye abin da na so in faɗa.

To a nan ne aka fara kashe ni da alheri. An ba ni ɗaki da katifa da fanka. Aziya ta ware matan 'ya'yanta biyu don hidimata kawai. In na nufi banɗaki, an riga ni da buta. In na miƙa hannu zan ɗauki kofi, an ɗora mini shi a baki. Har ruwan wanke hannu zuba mini ake yi, wata na riƙe da tawul. Ni baƙuwa, ni suruka, ni mai ciwo, abu uku a kan mutum ɗaya. A wajenmu ma ana girmama baƙo, amma in ya kwana biyu akan bar shi ya ɗauki tsintsiya. A Zugu uwar matar ɗa ta taɓa tsintsiya a gidanka, to an gama da sunan gidan a unguwa.

Na fara satar aiki. In na shiga wanka sai in jiƙa kallabina in yi ta matsewa, har a ƙwanƙwasa a ji ko lafiya. Wata safiya na ga tiren wake a bakin madafa ba kowa, na ja shi bayan randa na zauna ina tsinta. Daɗin da na ji ba ya misaltuwa. Sai ga inuwar Aziya a kaina. Ta kira Fati, ƙaramar surukarta mai tiren, ta wanke ta tas a gaban kowa, wai ta bar uwar mutane tana mata bauta. Yarinyar nan ta yi kuka har da shessheƙa a kan laifin da ba nata ba. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, likita ce ta ce in yi, magani ne." Ta ce, "Haba Malama! Wane lokotoro ne zai rubuta wa mutum tsintar wake? Kawaici ne irin naku na mutanen Najeriya, mun san ku. Ki zauna ki huta, gidanki ne." Da yamma ta zo da kanta ta shafe mini hannun da man kaɗanya, ta naɗe shi da zane, ta rataya mini a wuya. Ta yi shi da ƙauna tsakani da Allah, shi ya sa na kasa kwancewa a gabanta.

Da lokacin awo ya yi na koma Parakou. Madam Bake ta ɗora rularta, ta duba, ta sake ɗorawa. Ba abin da ya ƙaru, juyin ma ya ɗan ja baya. Ta ce, "Mama, kin ce aiki kika iya." Na kwashe labari na gaya mata. Ta riƙe baki, ta ce ita duk tunaninta a kan matan da aiki ya yi wa yawa ne, ba ta taɓa kawo wadda za a hana aiki ba. Ta rubuta abin yadda yake, ta ce a bincike abin da ya faru ake rubutawa, ba abin da aka so ya faru ba. Ta ce in ba ta lambar Aziya ta kira ta. Na ce a'a. In kai ƙarar surukata asibiti, a ce na je na ce ba a kula da ni? Gara hannun ya bushe. Amma a motar komawa raina ya ɓaci ƙwarai. Cikin yarinyar ya sauka, kowa na cewa ko yau ko gobe, ni kuwa na baro gidana na ƙetare iyaka don in zo in zauna a katifa in ga wata na wanke mini 'ya.

Mafita ta zo ta inda ban zata ba. Wata la'asar muna zaune a rumfa, Aziya na ɓare goro, matan gida na kewaye, sai hira ta kai ga asali. Ta ce ai su ba 'yan nan ba ne tun fil azal. Kakan kakansu daga Barno ya taso, ya bi ayarin goro zuwa Gwanja, a hanyar dawowa jakunansa suka mutu a Zugu, ya ga mace, ya zauna. Na ce, "Daga ina kika ce?" Ta ce Barno. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ni Bafulatana ce ta uwa da uba, ko da yake in aka ce mini in ƙirga shanu da Fulatanci zan tsaya a biyu. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ba kunya, ba girma, kowa bawan kowa ne.

Sai dai fa akwai haɗari. Mutanen nan sun yi zuriya bayan zuriya a Zugu, ba mai jin ko sannu da Barbarci. In sun manta da wasan, abin da zan faɗa zagi ne tsirara, daga bakin suruka, a gaban surukanta, kuma 'yata ce za ta zauna da shi bayan na tafi. Na dubi hannuna a rataye, na yi bismillah a zuci. Na ce, "Ikon Allah! Ashe gidan bayina na sauka ban sani ba. Shi ya sa miyar gidan nan kullum kanwa ta yi mata yawa. Babarbariya, miƙo wa uwargijiyarki goron nan, ki zaɓo fari."

Fati ta saki ludayi. 'Yata ta sunkuyar da kai har haɓarta na taɓa ƙirji. Aziya ta daina tauna, ta ƙura mini ido. Ta ce a hankali, "Ke Bafulatana ce?" Na ce ƙwarai. Ta ajiye goro, ta tafa hannu, ta saki wata irin dariya da ta sa awaki suka watse. Ta ce, "Wayyo ni Lamatu! Baiwar gidanmu na ɗora a katifa ina mata fifita! Kakata ta sha gaya mini, in kin ga Bafulatani kada ki ba shi kujera, zai ce gidan nasa ne. Fati, kwance mata zanen nan. Kawo waken jiya, kawo na gobe ma. 'Yar nono, tashi ki ci abincinki da guminki."

Tun daga ranar ban sake hutawa ba, kuma ban taɓa jin daɗin wahala irin wannan ba. Da safe tsinta da kwaɓi, da yamma mulmular fura da matsar tsumma. Aziya ta ja kujera ta zauna a kaina tana duba aiki. In na juye hatsi tafin hannun bai kalli sama ba sai ta ce, "Sake! Haka kuke auna wa mutane nono, rabi a ƙwarya rabi a hannu." In ce mata ai hannun da Barebari suka yi wa jinya dole ya lalace. Ashe tun farko ta gane maganar magani ba ƙarya ba ce, hanyar da za ta bar ni in yi aiki ba tare da gidanta ya ji kunya ba ce ta rasa. Har ta so ta wuce gona da iri, ta miƙo mini taɓarya wai in daka sakwara. Na ce wannan kam likita ta hana, baiwa ma tana da ranar hutu. Hannun yakan yi zafi, wani lokaci ya ɗan kumbura, in tsoma shi a ruwan ɗumi in ci gaba kamar yadda aka koya mini. 'Yata ta fara jawo tabarma kusa da inda nake tsinta, wai iska ta fi kaɗawa a nan. Ba ma magana, sai dai in Aziya ta jefo mini baƙar magana in rama, in ji yarinyar na dariya ƙasa-ƙasa.

Allah ya sa jaririn bai yi gaggawa ba, ya ba ni lokaci. Da na koma awo Madam Bake ta ɗora rula, ta yi murmushi, ta kira abokiyar aikinta ta sake aunawa don kada son rai ya shiga. Tafin ya juyo, bai kai na hagu ba amma ya juyo. Ta ce kada in sa rai zai koma kamar da gaba ɗaya, a shekaruna akan bar ɗan saura. Na tambaye ta ko kashinmu ne ya ci. Ta ce ba ta sani ba tukuna, hannu ɗaya ba ya ba da amsa, sai ta gama da kowa ta haɗa. Masu tambayata sakamakon bincike, ga amsarku, ni ma ban sani ba. Abin da na tambaya na gaske shi ne ko zan iya riƙe jariri da sabulu a jikinsa. Ta ce in zauna a kujera 'yar tsugunne, in kwantar da shi a kan ƙafafuna yadda iyayenmu ke yi, ƙafa ta ɗauki nauyi, hannu ya yi juyi. Bokitin ruwa kuma wani ya ɗauko.

Da hantsi naƙuda ta tashi, kafin azahar an samu namiji a asibitin haihuwa na garin. Da za a sallame su ungozomar asibitin ta tsare mu mu biyu, ni da Aziya, ta ce ta san halin kakanni, ruwan wanka mai ɗumi za a yi, ba wanda zai saɓule fata ba. Muka amsa da ladabi kamar ɗalibai. A hanya Aziya ta ce ai da ni take, Fulani ne ba su san tausayi ba.

Ranar wankan farko a gida aka kawo baho tsakar ɗaki. Salamatu ta zo daga Parakou, ita ta raɗa mini cewa a gidan nan uwar uba ce ke wanke jikan farko, haka suka gada, kuma Aziya ta daɗe da sayen sabulu da soso ta ɓoye. Na ja baya na tsaya a bakin ƙofa. Aziya ta zauna, ta karɓi yaron, ta kwance shi daga zane, ta daɗe tana kallonsa. Na ga yadda take son abin nan, don irin son da nake yi ne. Sai ta ɗago ta harare ni. Ta ce, "Ke kuma tsayuwar me kike yi? Ina da baiwa a gida ni zan jiƙa zanena? Zo ki yi aikinki." Ta tashi ta ba ni kujerar.

Na miƙe ƙafafu, aka ɗora mini shi. Ɗan mitsitsi, santsi kamar tarwaɗa da na sa sabulu. Na wanke kai, na wanke wuya da hammata. Da aka zo juya shi, na sa tafin dama a ƙarƙashin ƙirjinsa, na ji wuyan hannun ya ja, ya yi zafi, ya tafi. Yaro ya kife lafiya a kan cinyata yana tsala ihu. Sai a lokacin na lura Aziya na durƙushe a gefena, hannayenta biyu a buɗe a ƙasan ƙafafuna, ba ta taɓa shi ba, ba ta kuma janye ba sai da na gama. Ta naɗe shi a tawul ta ce wanki dai ba laifi, a hannun Bafulatana.

Saura mai jego. Fati ta kai ruwa bayan ɗaki da ganyen darbejiya, ta fita ta ja ƙyaure. Muka rage mu biyu. 'Yata ta zauna a kan turmi ta ba ni baya. Rabon da in ga bayan nan tun tana tatata, ga shi yau bayan uwa ne. Na tsoma ganye a ruwa na fara watsa mata, sannan na ajiye ganyen na sa tafin hannuna na dama ina danna mata kafaɗa da ƙugu a hankali. Na ji jikinta ya saki. Can ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Yaya."

Na ce, "Ruwan ya yi zafi ne?"

Ta ce, "A'a. Ashe haka hannunki yake."

Kuka ya zo mini, kuma na yi shi, ba zan ɓoye muku ba. Da na samu murya na ce mata, "Gyara zama, saura ɗaya kafaɗar."